Masu Gidan Ɗan Hausa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Kano

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Gidan Gwamnati, Kano.

Mai wannan wasiƙa ya zo ne da maganar wani maƙwabcin Gidan Gwamnati. Maƙwabcin ba mutum ba ne, gida ne: tsohon ginin ƙasan nan na unguwar Nasarawa da duk Kano ta sani da suna Gidan Ɗan Hausa. Ya girmi Gidan Gwamnati, ya girmi jihar kanta da aka kafa a 1967, ya girmi haɗewar Kudu da Arewa ta 1914, har layin dogon da ya iso Kano a 1911 ma a tsaye ya same shi. Maƙwabci mai irin waɗannan shekaru yana da haƙƙin a leƙa a ga yadda ya kwana.

Ana kai yaran makaranta gidan yawon buɗe ido. Abin da yawanci suke komawa gida da shi jimla guda ce: wai gidan wani Bature ne da ya kawo boko ƙasar Hausa. Jimlar tana da daɗin haddacewa, sai dai ta gutsure labarin ta gaba da ta baya. Baturen ba shi ne farkon mai wurin ba, ba shi ne na ƙarshe ba, ba shi ya kwaɓa ƙasar ginin ba, kuma ba shi ya fara rubuta Hausa da haruffan Turawa ba. Gida ne da ya ratsa hannaye da yawa, amma sunan mutum ɗaya ya manne masa, shi ma ɗin laƙabi. Roƙon wannan wasiƙa shi ne gwamnati ta sa a dawo wa sauran masu gidan da sunayensu, ta kuma riƙe sana'ar da ke riƙe da katangarsa.

Nasarawa asalinta ba unguwar Turawa ba ce. Wurin sarki ne a bayan ganuwa, inda yake da gidan shan iska da gandu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. A watan Afrilun 1903 Gwamna Lugga ya tabbatar wa Wambai Abbas sarauta. Turawa ba su so zama cikin birni ba, sai suka yi sansani a gabashinsa, wajen Nasarawa da Bompai. Labarin da ake bayarwa a Kano shi ne, kafin Bature ya shigo, wurin da Gidan Ɗan Hausa yake na wani bawan sarki ne mai kula da gonakin fada, kuma daga hannun Sarki Abbas wurin ya koma ga sabon baƙo. Wato tun kafin a zo kan Ɗan Hausa an riga an wuce masu gida biyu, mai riƙo da mai mallaka. Shi mai kula da gandun nan, wanda ya fara share filin ya kafa zaure, shi ya kamata ya zo a layin farko na duk wani allo da za a kafa a ƙofar gidan.

Shi kuwa baƙon, Hanns Vischer, tarihinsa ya fi yadda ake taƙaita shi ɗaure kai. Ba ma ɗan Ingila ba ne a haihuwa. A birnin Basel na ƙasar Siwizalan aka haife shi a 1876, ya yi karatu a Kembirij, ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar CMS. Mai Girma zai tuna cewa ƙungiyar nan ce ta turo tawagar Bishop Tugwell da Dakta Miller zuwa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Shekara tara kacal bayan wannan sallama, ga tsohon ma'aikacin ƙungiyar zaune a gandun sarki yana neman a ba shi 'ya'yan sarakuna ya koyar. Duk wanda yake mamakin yadda kakanninmu suka yi ɗari-ɗari da makarantar Nasarawa, ya fara ɗora wannan a ma'auni.

Amma kafin nan ya bar aikin mishan, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila a 1903, ya shiga aikin mulki aka tura shi Barno. A 1906, da zai dawo daga hutu, sai ya ƙi hawa jirgin ruwa kamar sauran Turawa. Ya sauka Tarabulus, ya haɗa ayarin raƙuma, ya biyo tsohuwar hanyar fatake ta Murzuƙ da Bilma har Tafkin Chadi, tare da alhazai masu komawa gida da 'yantattun bayi masu neman ƙasarsu. Wannan tafiya ce ya rubuta littafi a kanta, aka buga a 1910. Wata-da-watanni yana ci yana kwana da mutanen da ba sa jin Turanci, don haka ba abin mamaki ba ne bakinsa ya faɗa da Hausa har aka yi masa laƙabin da ya binne sunansa na yanka. Bahaushe dai gwani ne wajen raɗa wa Bature suna. Razdan Cargill da ya yayyanka ƙasar Kano gunduma-gunduma ya zama Mai Gunduma, Gwamna Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe. Na Vischer ne kaɗai a cikinsu ya yi kama da karɓar mutum cikin dangi.

A 1908 Gwamna Girouard ya ɗora masa aikin tsara ilmin zamani a Arewa. Ya je Masar da Sudan ya ga yadda ake gudanar da makarantu a ƙasashen Musulmi da ke hannun Ingila, musamman Kwalejin Gordon ta Hartum, ya dawo ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909. Da manyan malamai ya fara, mutanen da suka riga suka sauke Alƙur'ani suka yi littattafai, aka koya musu sabon rubutu da lissafi da labarin ƙasa don su koyar da wasu. Sai ajin 'ya'yan sarakuna, sai na sauran yara, sai sashen sana'a inda ake dukanci da ƙira da sassaƙa. Da Hausa ake koyarwa, Larabci da addini kuma suna hannun malamai, don an yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin 'ya'yansu ba. Duk da haka har yau ana ba da labarin hakiman da aka ce su kawo 'ya'yansu, suka tura 'ya'yan bayi da na barori a madadinsu, daga baya waɗanda aka tura ɗin suka dawo su ne ma'aikatan En'e masu albashi.

A nan ne mai wannan wasiƙa yake ganin an fi yin rowar sunaye. Bature ɗaya ba ya koyar da makaranta mai sassa huɗu. Malaman da suka zauna a kan tabarma suka koyi a, ba, ca da furfurarsu, suka jure gorin abokan karatunsu na zaure, su ne suka ɗauki abin suka kai Sakkwato da Katsina da Zariya da sauran larduna lokacin da aka buɗe makarantu a can. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ratsa Nasarawa shi ne Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya koyar a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kuma shi ne ya rubuta Ganɗoki a gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Ke nan akwai zare miƙaƙƙe daga farfajiyar wannan gida zuwa litattafan da kowane ɗan sakandare a Arewa ya karanta. Yaron da aka kai gidan ya fita bai ji sunan Bello Kagara ba, an rage masa rabin abin da ya je gani.

Batun cewa Ɗan Hausa ne ya ƙirƙiro rubutun boko kuwa, yana bukatar gyara. Tun 1862 wani Bajamushe ɗan mishan, Schön, ya buga nahawun Hausa da haruffan Rumawa, wani Baturen kuma, Robinson, ya fitar da ƙamusunsa a ƙarshen ƙarni na 19. Kafin su duka, malamanmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami, waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da lissafin fatauci. Abin da Vischer ya yi shi ne ya tsara ƙa'idojin rubutun a 1912, ya kuma sa gwamnati da makarantunta suka bi su, wanda hakan ya tura ajami gefe a harkar ofis. Riba ce ta wani ɓangare, asara ta wani, kuma gidan tarihi na gaskiya zai faɗi duka biyun. Haruffan nan masu lanƙwasa da ake rubuta ɓera da ɗaki da ƙasa da su ma ba a zamaninsa na Kano suka zo ba. Sun shigo ne a shekarun 1930, lokacin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, bisa shawarar wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926. Abin sha'awa, babban sakataren wannan cibiya shi ne Vischer ɗin dai, bayan ya bar Najeriya da shekaru. Ita kanta kalmar boko, masanin harshe Paul Newman ya nuna ba daga kalmar Turanci ta littafi ta fito ba, tsohuwar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da ake ɗorawa a doki don a ɓatar da hankalin jama'a daga ta ainihin. Sunan da kakanninmu suka ba karatun Nasarawa ke nan, kuma ra'ayinsu a kansa yana cikin sunan.

Akwai kuma uwargida. Isabelle, 'yar Siwizalan ita ma, ta biyo mijinta Kano ta zauna a gidan, ta rubuta abin da ta gani da Faransanci, aka buga littafin a 1917. Mace ce da ta ga Kano ta zamanin Sarki Abbas da idonta, a daidai shekarun da jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa ya ɓarke, birnin ya fara sauya kama. Littafin nata shaida ce daga cikin gidan kansa. Jami'ar Bayero tana da malaman Faransanci da na Hausa a tsangaya guda. Kuɗin da zai sa su fassara shi zuwa Hausa bai kai na walimar rana ɗaya ba, kuma Bakano zai karanta ya ga yadda baƙuwa ta kalli kakanninsa, inda ta fahimta da inda ta yi kuskure.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba Vischer da gidan. Ya tafi aikin soja, bai dawo kan kujerarsa ba, ya ajiye aikin Najeriya a 1919, shekarar da Sarki Abbas ya rasu. Ya ci gaba da harkar ilmin ƙasashen Afirka daga Landan, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1941, ya mutu a 1945. In aka ƙirga, zamansa a gidan bai cika shekara goma ba. Sauran shekaru fiye da ɗari wasu ne suka yi su: jami'an Turawa da suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya har zuwa samun mulkin kai, sannan gwamnatin Jihar Arewa, sannan Jihar Kano tun daga zamanin Audu Bako, har gidan ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar alama, wani ya ƙara ɗaki, wani ya toshe taga, wani ya ja waya. Akwai kuku da boyi da mai gadi da mai ban ruwan fulawa da suka yi shekaru a bayan gidan fiye da kowane Bature, kuma jikokinsu suna nan cikin Kano. Mai gidan na yanzu, bisa doka, shi ne wanda ake rubuta wa wannan wasiƙa, a madadin jama'ar jiha.

Sai magina, waɗanda su ne ainihin dalilin da ya sa har yau akwai abin da za a nuna. Vischer ya zaɓi a yi masa gini irin na Hausa a lokacin da wasu Turawa ke jiran a kawo musu kwano da katako daga teku, wannan kuwa abin a yaba masa ne. Amma zaɓi daban, iyawa daban. Maginan Kano ne suka haƙo ƙasa mai kyau, suka tattake ta da ciyawa suka bar ta ta ruɓa, suka mulmula tubali suka shanya a rana, suka jera shi sahu-sahu, katanga mai faɗi a gindi tana sirancewa in ta yi sama. Su suka san tsawon da azara za ta iya ɗauka ba ta lanƙwashe ba, shi ya sa in ɗaki ya yi faɗi sai su tayar da bakan gizo daga bango zuwa bango, su haɗa su a tsakiya a yi ɗaurin guga. Azarar daga giginya ake tsago ta, itacen da gara ba ta cika yi masa illa ba. A sama a kafa zanko, a saka indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki da tsakar ranar watan Afrilu ya san abin da kaurin katangar nan yake yi wa zafi, ba tare da injin sanyaya ɗaki ko kuɗin wuta ba.

Abin da ya fi burge mai wannan wasiƙa shi ne yadda ginin ya jingina da sauran sana'o'in birni. Makubar da ake shafe bango da ita daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Laso, wato abin da ake dalaye rufi da shi don kada ya yi yoyo, haɗi ne na katsi daga gindin karofin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ma'ana rufin Gidan Ɗan Hausa yana da alaƙa da marinar Ƙofar Mata da majemar birni. In rini ya mutu, katsi ya ɓace. In katsi ya ɓace, sai a ɗauko siminti. Siminti kuwa a jikin ginin ƙasa maƙiyi ne mai fuskar masoyi: shekarar farko bango ya yi sumul, amma danshi yana taruwa a bayansa ba ya samun hanyar fita, ƙasar tana narkewa a ɓoye, wata rana da marka sai fallen ya ɓallo gaba ɗaya ya tafi da rabin katangar. Ginin ƙasa ba ya son gyaran shekara goma sau ɗaya na miliyoyi. Yaɓe yake so duk shekara kafin ruwa ya sauka, da mai hawa rufi ya share indararo ya toshe tsaga, aikin da kowane maigida a birni ya san lokacinsa a da.

Masu wannan ilmi suna ƙarewa. Zariya tana tinƙaho da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'arta a ƙarni na 19, kuma gidan da ya gina wa Madakin Bauchi a Kafin Madaki yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1956. An san sunansa domin an riƙe shi. Kano ma tana da Sarkin Magina da zuriyar magina, kuma masana irin su Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan, wanda ya auna gine-ginen gargajiyar Najeriya ya kafa gidan tarihinsu a Jos, da Hamman Tukur Sa'ad da ya yi digirinsa na uku a kan gwanayen maginan Hausa, sun nuna cewa wannan ilmi ne mai ƙa'ida da lissafi. Da gwamnati za ta ware wa Gidan Ɗan Hausa kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, ta damƙa aikin ga maginan gargajiya kai tsaye ba ta hannun ɗan kwangilar da zai kawo buhunan siminti ba, ta kuma sharɗanta cewa kowane gwani ya zo da yara masu koyo, har da ɗaliban zanen gine-gine na jami'o'in jihar, da gidan ya koma makaranta karo na biyu.

Allah ya taimaki Gwamna, Gidan Ɗan Hausa ya yi sa'a, domin na hukuma ne. Tsofaffin gidajen cikin birni ba su da wannan gata. Mai Girma ya san yadda abin yake tafiya: maigida ya rasu, a zo rabon gado, a fitar wa matan tumuninsu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gida ba ya yankuwa kashi talatin, magada kuma kowa da bukatarsa, wani zai aurar da 'ya, wani yana bin kuɗin asibiti. Sai a kira dillali a yi masa kuɗi. Wanda ya saya ba soro ya saya ba, fili ya saya, kafin wata uku an tayar da shaguna. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, shari'a ce ta ba kowa haƙƙinsa. Amma da haka zauren da aka yi ƙarni ana karatu a cikinsa a Madabo, ko gidan Balaraben Gadamas a Dandalin Turawa, unguwar da sunanta ke tuna lokacin da Larabawa ake kira Turawa, yake iya zama wurin sayar da kayan waya ba tare da an ɗauki ko hotonsa ba. Unguwannin Koki da Sarari su ne suka fitar da attajiran gyaɗa da goro irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da Umaru Sharubutu. Tarihin kasuwancin Afirka ta Yamma yana cikin zaurukan waɗannan unguwanni.

Kada a ce takardar ayyanawa kaɗai ta isa kariya. A Ikko, kusa da Dandalin Tinubu, akwai wani gida da iyalin Fernandez suka gina a 1855. A 1933 aka sayar wa Alfred Olaiya, mahaifin mawaƙin nan Victor Olaiya, aka riƙa kiransa Ilojo Bar. A 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, shekara guda da gidan Kafin Madaki. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Salla, ofisoshi a rufe, katafila ta zo ta baje shi. Shekara 161 ta tafi a yini guda, takardar tana nan a fayil. Mu ma nan an ga yadda aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, alhali tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a karɓa.

Misalan da suka yi kyau ma ba nisa suke ba. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, inda masu bincike ke zuwa daga ko'ina. Gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja ya zama Mambayya, ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Gidan Makama, wanda ake danganta shi da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, ya yi zaman ofishin Turawa, ya yi makaranta, yau gidan tarihi ne. A Agadas kuwa, wadda tsohon garinta ya shiga jerin UNESCO a 2013, ba masallaci da fadar Sarkin Abzin kaɗai ake nuna wa baƙo ba. Ana kai shi gidan wani attajiri, Sidi Ka, ya ga adon bangonsa, a kai shi gidan da wani Bature matafiyi, Barth, ya sauka a 1850. Barth ɗin nan ya zo Kano a 1851 ya zauna a cikin birni, ya kuma rubuta labarin kasuwarta da masaƙanta fiye da yadda ya rubuta na Agadas.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna, izinin gini a birni kuma daga hukumar tsara birane ta jiha yake fitowa. Saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Hukumar Tarihi da Al'adu, da haɗin kan fada da masu unguwanni, za ta iya bin birni lungu-lungu ta rubuta tsofaffin gidaje: wa ya gina, wane magini, wa ya gada, wa ya saya, wa ke ciki yanzu. Gidan da ya shiga wannan rajista, kada a ba da izinin rushe shi sai an auna shi an ɗauki hotonsa an ji ta bakin dattawansa. 'Yan kaɗan da suka fi daraja kuwa, in magada sun tashi sayarwa, gwamnati ta zama mai saye na farko a kan farashin kasuwa, ko ta ɗauke musu nauyin yaɓe su ci gaba da zama a gidan ubansu. Ba a nemi a tauye wa maraya gadonsa don baƙo ya zo ya ɗauki hoto ba.

Wurin da ya dace a fara gwada wannan rajista shi ne gidan da hukumar take zaune a ciki. Takardun Lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wasu suna Arewa House. Sonia Graham ta buga littafi guda a 1966 a kan aikin Vischer da makarantun Arewa daga 1900 zuwa 1919. Fada tana da masu riƙe da tarihin bayin sarki da muƙamansu, gidan Sarkin Magina yana da nasa. Malamai biyu da ɗalibai huɗu za su iya haɗa wannan cikin shekara guda, a fitar da ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, a kuma kafa allo a zauren gidan mai ɗauke da jerin masu shi tun daga mai kula da gandu har zuwa yau, da sunayen magina da na malaman farko a gefe.

Shi aikin yaɓe ba ya jiran littafi. Ruwan farko yakan sauka Kano wajen watan Mayu, ƙasar gini kuma tana son makonni tana jiƙe kafin ta yi daɗin aiki, tubali yana son ranar bazara. In Mai Girma ya sa hannu a takardar tun cikin sanyi, magina za su hau rufin kafin hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Allah ya ja zamanin Mai Girma. Haza wassalam.

Daga wani ɗan jiha mai bibiyar tarihin birni.